Ido a Bakin Daji: Kyamara Mai Tantancewa da Tsaron Ƙasar Gobir

Tun daga lokacin da Sarkin Gobir Ibrahim Babari ya rinjayi Zamfarawa, ya kafa birninsa a Alkalawa bakin Gulbin Rima a tsakiyar ƙarni na 18, har zuwa ranar da birnin ya faɗa hannun rundunar Muhammadu Bello a watan Oktoba na 1808, har ma bayan nan, sa'ad da Bello ya zauna ribaɗi a Wurno, Gobirawa kuma suka sake kafa sarautarsu a Tsibiri kusa da Maraɗi, babu al'amarin da ya dami masu mulkin wannan ƙasa, na kowane ɓangare, kamar sanin wanda ke tafe tun bai iso ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, mai fadamu da dazuzzuka masu ƙaya, wadda mahayi ke ketawa cikin dare ɗaya. A shekarar 1824, da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton zai shiga Sakkwato daga gabas, sai da mahayan Sarkin Musulmi suka yi masa rakiya ya ratsa dajin Gundumi cikin gaggawa, saboda tsoron mahara. Dajin nan dai shi ne wanda matafiya tsakanin Sakkwato da Isa suka ƙaurace wa hanyarsa a zamaninmu, saboda irin wancan tsoro.

Abin da ya auku a 'yan shekarun nan sananne ne ga kowa, amma wajibi ne a ambace shi, domin a san nauyin abin da ake magana a kai. A ƙarshen watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Sabon Birni, suka hallaka fiye da mutum 70. A watan Oktoba na 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana cikin ci, aka rasa fiye da mutum 40. A watan Disamba na wannan shekara suka tare motar fasinja a kusa da Gidan Bawa, suka cinna mata wuta da mutane a ciki. A watan Yuli na 2024 suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu cikin watan Agusta, Allah Ya jiƙansa da sauran waɗanda suka riga mu. Dubban iyalai sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, inda aka tsugunar da wasunsu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. A yawancin hare-haren, maharan a kan babura suke zuwa, biyu biyu ko uku uku bisa kowane babur, ta hanyoyin da mutanen ƙasa suka sani.

Saboda haka ya dace mu duba, da natsuwa da adalci, wata fasaha da duniya ke ta magana a kanta, wato kyamarar tsaro wadda aka dasa wa ƙwayar lissafi ta musamman a cikinta, har ta iya tantance abin da take gani nan take, ba tare da jiran mutum ko babbar kwamfuta ta nesa ba. Mene ne haƙiƙaninta, me za ta iya yi wa mutumin Gatawa ko Kurawa ko Unguwar Lalle, kuma mene ne ba za ta taɓa iya yi masa ba?

Bambancin gani da ganewa

Babban malamin nan Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rayu a Alƙahira, ya wallafa Kitabul Manazir a farkon ƙarni na 11, inda ya tabbatar da hujjar gwaji cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, sa'an nan ya bayyana cewa abin da ido ke karɓa launi ne da haske kawai, amma sanin cewa wancan mutum ne, wannan doki ne, aikin tamyizi ne da ƙiyasi, wanda hankali ke gudanarwa cikin sauri har mai shi bai san ya yi ba. Kyamarorin tsaro na da, tun daga masu ɗauka a kaset har zuwa ta farko mai aikawa ta intanet, wadda kamfanin Axis na ƙasar Siwidin ya fitar a 1996, rabin farko kaɗai suka mallaka. Suna karɓar haske su adana shi, tamyizi kuwa sai an sami ɗan Adam ya zauna gaban allo. Ɗan Adam kuma, komai himmarsa, idan aka jera masa alluna goma ya kwana yana kallon hanyar da babu kowa a kanta, gyangyaɗi da gafala sai sun rinjaye shi. Shi ya sa amfanin irin waɗannan kyamarori, a mafi yawan lokuta, sai bayan ɓarna ta auku ake ganinsa.

Akwai kuma matsalar yawa. Hoto guda mai kyau na kyamarar zamani ɗigo 1,920 ne a faɗi, 1,080 a tsaye, wato ɗigo fiye da miliyan 2, kuma tana ɗaukar irinsa 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Ko da an matse shi da dabarun matsewa da aka saba, ya koma kamar megabit 4 a daƙiƙa, kyamara ɗaya za ta tara wajen gigabait 43 a yini da kwana. Wanda ya taɓa hawa tudu ko bishiya a ƙauyen gabashin Sakkwato yana neman sabis don ya aika saƙon murya guda ɗaya, ba ya bukatar a gaya masa cewa tura irin wannan kaya zuwa wani ɗakin sa ido a Sakkwato ko Abuja abu ne da ba zai yiwu ba.

Ƙwayar da ke cikin akwati

Sauyin ya faro ne a 2012, sa'ad da Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, na Jami'ar Toronto a Kanada, suka lashe gasar tantance hotuna ta ImageNet da tazara mai yawa, ta hanyar horar da wani tsarin lissafi mai hawa-hawa a kan katin zane guda biyu na kamfanin Nvidia, irin waɗanda aka ƙera tun asali don wasannin kwamfuta. Sirrin abin shi ne, tantance hoto ba lissafi mai wuya yake bukata ba. Ninkawa ce da tarawa, amma sau biliyoyi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yau da kullum kamar gwanin manomi guda ne, wanda ya iya kowane irin aikin gona amma kunya ɗaya yake bi a lokaci guda, alhali katin zane gayya ce ta ɗaruruwan majiya ƙarfi, kowa ya kama kunyarsa, a gama gonar kafin hantsi. Daga nan masana suka ci gaba, har zuwa 2016 Joseph Redmon da abokan aikinsa suka gabatar da wata hanya mai suna YOLO, wadda ke duban hoto sau ɗaya tak ta fitar da kowane abu da ke ciki da inda yake.

Mataki na biyu, wanda shi ne ya shafe mu, shi ne ƙanƙantar da wannan gayya har ta shiga akwatin da bai wuce tafin hannu ba. A 2019 Nvidia ta fitar da Jetson Nano mai cin wuta wat 5 zuwa 10, Google kuma ta fitar da Coral, wadda ƙwayarta ke yin lissafi tiriliyan 4 a daƙiƙa da wat 2 kacal. Akwai kuma Hailo-8 mai yin tiriliyan 26, da Movidius ta Intel, da waɗanda Ambarella ke ƙerawa don a dasa su cikin kyamara kai tsaye. Daga cikin hikimar da ta sa haka ta yiwu akwai rage tsawon lambobin lissafin, a mayar da kowacce ɗaya daga cikin matakai 256 kawai, domin an gano cewa tantancewa ba ta raguwa sosai, wutar da ake ci kuwa tana raguwa ainun.

Bari mu bi aikin daki-daki, mu ƙaddara cewa an kafa irin wannan akwati a kan dogon ƙarfe a mashigar wani rafi, inda dole mai babur ya rage gudu. Bayan sallar lisha, haske ya ɗauke, sai idon kyamara ya koma ga ɗaukar zafi, inda jikin mutum da injin babur suke fitowa fari a cikin duhu. Hoto ya shiga ƙwayar. Hawa na farko ya tsamo gefuna da layuka, na tsakiya ya haɗa su ya ga da'irar taya da lanƙwasar kafaɗa, na ƙarshe ya zana murabba'i a kan abin, ya rubuta cewa babur ne, da gwargwadon yaƙininsa a kan haka. Wani sashe ya ba kowane babur lamba, ya bi shi daga hoto zuwa hoto don kada a ƙirga shi sau biyu. Duk wannan yana kammala kafin ƙiftawar ido. Idan jaki ne da kaya, ko manomi guda yana komawa gida, akwatin ya yi shiru. Idan kuwa babura ashirin ne suka wuce a jere cikin minti biyu, suka nufi gari, sai ya rubuta gajeren saƙo mai ɗauke da lokaci da wuri da adadi da inda suka dosa, ya haɗa da ɗan ƙaramin hoto guda, ya aika. Wannan saƙo bai kai nauyin gaisuwar murya a WhatsApp ba, saboda haka rediyo mai ƙaramin ƙarfi ko layin tauraron ɗan Adam zai iya ɗaukarsa. Idan mashigar tana da nisan kilomita 10 daga gari, maharan kuma suna tafiyar kilomita 30 a awa saboda yashi, to an sami minti 20, kuma a cikin minti 20 uwa tana iya goya jaririnta ta ja hannun sauran, a kaɗa dabbobi, sojan da ke sansani ya ɗaura takalmi ya tada mota.

Inda babu wuta, sabis kuma ba shi da tabbas

A watan Satumba na 2021, bayan an rufe layukan waya a jihar Zamfara, gwamnatin Sakkwato ta lokacin Aminu Waziri Tambuwal ta sa an rufe su a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, har da Isa da Sabon Birni, da niyyar yanke sadarwar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Ko me mutum zai ce game da wannan mataki, ya bar mana darasi bayyananne: duk wata na'urar tsaro da rayuwarta ta rataya a kan sabis na waya, za ta makance a daidai lokacin da aka fi bukatarta. A nan ne falalar yin tantancewa a cikin akwatin kansa take fitowa.

An kuwa riga an jarraba irin wannan a dajin Afirka. Wata ƙungiya mai suna RESOLVE ta ƙera ƙaramar kyamara da ake kira TrailGuard, wadda aka fara gwadawa a gandun dajin Grumeti na Tanzaniya domin kama mafarautan da ke kashe namun daji, daga baya aka sa mata ƙwayar Movidius. Ana ɓoye ta a bishiya bakin turba, tana barci har sai wani abu ya motsa, ta duba, in ba mutum ko mota ba ne ta koma barci, in kuwa su ne ta aika hoto ga masu gadin daji cikin ɗan lokaci. Da haka batirinta ke yin watanni masu yawa. Abin da aka yi domin giwa da zaki, ba ƙaramin abin kunya ba ne a ce ya gagara domin 'yan Adam.

Sai dai ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. A watan Afrilu zafin gabashin Sakkwato yana haura digiri 40, ƙwayar lissafi kuwa idan ta yi zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ƙasar da ta sha rana kuma takan rikita idon da ke ɗaukar zafi a farkon dare. Da hunturu ƙura tana lulluɓe faifan sola da gilashin kyamara, har wutar ta ragu, hoton ya dushe, sai an sami wanda zai riƙa hawa yana gogewa da tsumma. Da damina gero da dawa suna tsawo su rufe turba. Tsarin lissafin kuma, in an horar da shi da hotunan titunan Turai da Sin kaɗai, ba lalle ne ya san amalanke ko raƙumi ko mutum uku bisa babur da rawani ba, sai an koyar da shi da hotunan ƙasarmu, aikin da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya ɗauka in an ba su dama da kayan aiki.

Tarihin kusa kuma yana yi mana gargaɗi. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470, akasarinta bashi, domin tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori wajen 2,000 a Abuja da Legas. Ba a daɗe ba aka ga turakun a tsaye babu aiki, an kwashe batura da faifan sola na da yawa daga cikinsu, har a 2023 Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe bashin. Abin da ya lalace a tsakiyar babban birni saboda rashin kulawa, yaya zai kasance a bakin daji in ba a mayar da shi amanar mutanen wurin ba?

Zato, tajassusi da haƙƙin bayin Allah

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa na'urar nan ba ta san niyya ba. Ayarin 'yan biki da ayarin mahara duk babura ne a wurinta, makiyayi mai sanda a kafaɗa kuma tana iya ɗaukarsa mai bindiga. Al'amarin ya fi muni idan aka zo ga tantance fuska. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka nuna cewa wasu manyan na'urorin kasuwa suna kuskure a kan mata masu duhun fata har kusan kashi 35 cikin 100, alhali a kan maza farare kuskuren bai kai kashi 1 ba. A watan Disamba na 2019 hukumar ma'auni ta Amurka ta gwada tsare-tsare 189, ta iske da yawansu sun fi ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskar ta mutanen Afirka ta Yamma ce ko ta Gabas. A 2020 an kama wani baƙar fata a birnin Ditiroyit a gaban iyalinsa bisa irin wannan kuskure. Ko da na'ura sau ɗaya take kuskure cikin dubu, in ta duba fuska dubu goma a ranar kasuwa, mutum goma ne marasa laifi za ta nuna. A ƙasar da aka riga aka zubar da jini a kan zato, kamar yadda 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a watan Oktoba na 2021, abin da ya ƙara rura wutar ramuwa, nuna mutum da kuskure daidai yake da yanke masa hukuncin kisa.

Shari'a ta riga ta shimfiɗa mana mizani. Suratul Hujurati ta umarci muminai su yi bincike kafin su yi aiki da labari, don kada su cutar da mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama, kuma ita ce ta hana yawan zato da tajassusi. Imam Mawardi, a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya hana muhtasibi, wato jami'in hisba, bin diddigin abin da mutane suka suturta, sai fa inda akwai alama mai ƙarfi ta ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. A bisa wannan, ƙirga ayarin babura a mashigar daji cikin dare kiyaye rai ne, wanda yake cikin manyan manufofin shari'a. Amma juya kyamara ta fuskanci ƙofar gida, ko rijiyar da mata ke ɗiban ruwa, ko taskance fuskokin masu zuwa masallaci, keta alfarma ne. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a watan Yuni na 2023 ita ma ta sanya bayanan siffar jiki cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. A nan ma ƙwayar cikin akwati tana da wata falala, domin ana iya tsara ta ta share duk abin da ta gani nan take, kada ta fitar da komai sai adadi da lokaci.

Sa'an nan akwai tambayar hannun da saƙon zai faɗa. Kowa a yankin ya san bala'in infoma. Na'urar da ke nuna motsin mahara tana iya nuna motsin soja da na 'yan kasuwa, in mabuɗinta ya shiga hannun maci amana. Don haka a taƙaita masu karɓar saƙo, a san su da sunansu, kuma kowane buɗewa ya bar alama.

Wa zai amsa kira?

Mun zo ga abin da ya fi kowane nauyi. Koke mafi yawa da ake ji daga bakin mutanen Sabon Birni da Isa shi ne sun ga maharan, sun buga waya, agaji bai zo ba sai bayan an gama. Manomi da mai kiwo da mai itace sun daɗe suna aikin ido, sau da yawa da sayar da rai. Kyamara ba ta da ƙafar da za ta kai ɗauki. In babu mota mai mai, da jami'i mai izinin tashi ba tare da jiran umarni daga nesa ba, da hanyar da za a bi, to an ƙara wa mutane sanin abin da zai same su ne kawai.

Amma duk da haka tana kawo abubuwa biyu da babu su a da. Na farko, tana ɗauke wa talaka haɗarin zama shi ne mai ba da labari, domin ba a yi wa turken ƙarfe barazana da iyalinsa. Na biyu, tana kafa hujja: saƙo ya fita ƙarfe kaza da minti kaza, ya isa wurin wane, an tashi ƙarfe kaza ko ba a tashi ba. Da irin wannan rubutaccen tarihi majalisar jiha da sarakuna da 'yan jarida za su iya tambayar kowa abin da ya yi da amanar da aka ba shi, jami'in da ya yi ƙoƙari kuma a san ƙoƙarinsa.

Shawararmu ga gwamnatin jiha, wadda ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2024, da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, ita ce a fara da kaɗan: 'yan mashigai da hakimai da dagatai da jagororin makiyaya suka zaɓa tare, a ƙirga ababen hawa, a bar fuskoki, a ware kuɗin gyara na shekaru tun kafin a sayi akwati na farko, a horar da samarin garuruwan su riƙa kula da shi da albashi, a rubuta wanda alhakin amsa kira ke wuyansa, kuma a nemi fahimtar juna da hukumomin Maraɗi, tun da maharan ba su san iyaka ba. Bayan shekara a fito da lissafi a bainar jama'a: gargaɗi nawa aka aika, nawa ne gaskiya, nawa aka amsa a kan lokaci. In lissafin ya yi kyau a faɗaɗa, in bai yi ba a gyara ko a bari, kada a mayar da tsoron bayin Allah hanyar cin kwangila. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu da gonakinsu lafiya.